Muryar Baba a Manhajar Dogo

Kowa a layin ya san Mai Sauti. Shi ya fara tura wa mutane waƙoƙi a waya, shi ke juye tsofaffin kaset zuwa filas ɗin kwamfuta, shi ke ba da hayar lasifika in ana taro. Kuma shi ya koya wa ƙaninsa, Auta, yadda ake haɗa waya ba tare da wuta ta ja mutum ba. Wannan maganar ta ƙarshe ba ya gajiya da faɗarta. Ko batir ka shigo saye, sai ya san yadda ya yi ya jawo ta.

Abin da ke cin ransa shi ne, Autan nan da ya sha ɗauka a kafaɗa yau yana da sitidiyon ɗaukar sauti a saman benen da ke kallon shagonsa. Ƙofar gilashi, bango an lulluɓe shi da soso, ga na'urar sanyi tana ɗigar ruwa a kan rumfar mai shayi. Masu talla da masu waƙa sai hawa suke suna sauka. Shi kuwa Mai Sauti yana zaune a bakin shago yana bin ƙafafunsu da kallo, sai ka ce gadin matakalar aka ɗauke shi. In wani ya yabi aikin Auta a gabansa, sai ya yi murmushin da iyakarsa leɓe, ya ce, "Ai yaro ne mai ƙoƙari. Kayan aiki ke yi masa." Kishi ne tsagwaronsa, shi ma ya sani, amma da ya amsa gara ya haɗiye harshensa.

Mahaifiyarsu, wadda suke ce wa Inna, idanunta sun yi rauni ƙwarai. Inuwar mutum kawai take gani, da murya take gane kowa. Wata safiya Mai Sauti ya kai mata maganin ɗigawa a ido, ya same ta zaune a bakin gado, ta janyo tsohuwar akwatinta ta ƙarfe tana lalube. Ta fito da wani abu naɗe a tsumma, ta warware a hankali. Kaset ne, robarsa ta koma ruwan ɗorawa don tsufa.

"Babba," ta ce, don haka take kiransa, "muryar babanku ce a ciki. Hotunansa duk sun daina yi mini amfani. So nake in ji shi ko sau ɗaya ne kafin kunnen ma ya bi idon."

Mai Sauti bai taɓa sanin akwai muryar marigayi mahaifinsu a ko'ina a duniya ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, zuciyarsa ta cika da daɗi. A ransa ya ce yau dai Inna ta tuna wane ne babba, ta tuna sana'ar wa ce juyar kaset.

"Ka kai wa ƙaninka," ta ƙara. "An ce shi ne mai kayan da ke wanke murya ta fito tas."

Da ta zabga masa mari da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "To, Inna," ya sa kaset ɗin a aljihu, ya fita. Ya zo gindin matakalar Auta ya tsaya, ya ɗaga kai ya kalli ƙofar gilashin. Sai ya ja tsaki ya tsallaka titi ya buɗe nasa shagon.

Juyar kaset kam ya iya ta, wannan ba a kushe masa. Ya goge kan rakoda da auduga, ya sa biro a ramin kaset ya juya zaren a hankali don ya saki jiki, ya jona waya zuwa kwamfuta. Kaset ɗin ya zagaya daga farko har ƙarshe, kwamfuta ta kama komai. Da ya so maimaitawa don ya samu na biyu, rakodar ta yi wani ƙara, ta shaƙe. Ya buɗe da sauri, ya tarar ta tauna zaren ta dunƙule shi. Ya ja a hankali, zaren ya tsinke, jan ƙasa-ƙasan da ke jikinsa ya zube masa a yatsu kamar tsatsa. Kaset ya gama zamaninsa. Muryar Baba yanzu wuri ɗaya take, a cikin wani fayil a kwamfutar shagon.

Ita ma muryar ba a jin ta sosai. Shuuu ce ta cika ko'ina, kamar ana ruwan sama a kan kwano. Can ƙarƙashin ƙarar sai ka ji gunjin muryar namiji, sannan wata 'yar ƙaramar murya ta yaro tana ƙyalƙyala dariya. Mai Sauti ya kasa kunne yana saurare. Baban da shi ya sani mutum ne mai umarni: tashi, ɗauko, kai ne babba, ba ka jin kunya? Auta ne aka yi wa wasa, Auta ne ake saya wa alewa a ɓoye a aljihu. Ashe har a kaset ma Auta ne. Ya ce a fili, shi kaɗai a shago, "To, madalla."

Da hantsi sai ga Autan da kansa, ya shigo da sallama, ƙamshin turarensa ya riga shi.

"Yaya, Inna ta ce ta ba ka saƙo."

"Ta ba ni."

"Ina yake?"

"Na riga na juye. Kaset ɗin kuma ya tsinke, dama ya ruɓe."

Auta ya dafe kai. "Ke nan saura wanda ke kwamfutarka kawai? Don Allah Yaya zuba mini a filas in ajiye a wajena. Abu irin wannan ba a barinsa wuri ɗaya." Har ya ciro filas ɗin daga maƙalin makullansa ya ajiye a kan tebur.

Magana ce ta gaskiya, kuma Mai Sauti ya fi kowa sanin haka, don shi ya koya wa yaron wannan ƙa'idar. Amma abin da ya gani a idon zuciyarsa daban ne. Ya ga Auta ya hau sama da fayil ɗin, kafin la'asar ya wanke shi fes, ya je ya durƙusa gaban Inna ya kunna mata. Ya ji Inna tana kuka tana sa albarka, tana cewa Allah Ya yi wa Auta kaza da kaza. Shi kuwa da ya yi aikin juyewa ba wanda zai tuna da shi, sai dai a ce shi ya tsinka kaset.

Ya tura filas ɗin da ɗan yatsa zuwa bakin tebur. "Ɗauke abinka. Kafin ka iya ɗaure wando nake wannan sana'ar."

"Ba raini ba ne, Yaya. To zo mu hau tare, ka zauna a kujerata ka yi da hannunka. Manhajar wanke murya tana nan, na biya lasisinta."

"In hau in yi aron kujera? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ka je, in na gama za ka ji."

Auta ya tsaya jim, ya ɗauki filas ɗinsa, ya ce Allah Ya taimaka, ya fita. Ladabin nan nasa ma haushi yake ba Mai Sauti, don ba ya barin wa mutum inda zai kama.

Ya duba farashin manhajar a intanet, ya rufe shafin da sauri kamar ya taɓa tukunya mai zafi. Daga nan ya nufi bayan kasuwa, lungun masu gyaran waya, wurin wani da ake kira Dogo. Dogo ba shi da shago, tebur gare shi da lema, da jakar filas-filas a rataye a wuya. Duk manhajar da ka ambata yana da ita, an fasa mata kwaɗo, ba ruwanta da lasisi.

"Irin ta ƙaninka ce sak," in ji Dogo, yana sosa kunne da murfin biro. "Ta ma fi tasa, don tasa sai ya riƙa biya. Wannan taka ce har abada. Sharaɗi ɗaya: kafin ka sa ta, ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka."

"In kashe mai gadi?"

"Mai gadin nan ɗan ƙarya ne, Yallaɓai. Kamfanoni ke sa shi ihu don su hana talaka cin arziki. In ya ce maka akwai cuta, kada ka kula shi."

Mai Sauti ba yaro ba ne, ya san an sha kuka da kayan Dogo. Amma da ya ji an ce ta fi ta Auta, sai kunnensa ya toshe daga sauran.

Matarsa ta kawo masa abincin rana a shago, ta same shi yana ta danne-danne, kwamfuta tana ta fito da jan gargaɗi yana rufewa. Ita ba ta san kan kwamfuta ba, amma ta san mijinta.

"Baban yara, wannan jan rubutun fa?"

"Ba komai. Surutunta ne."

"Daga ina ka samo abin?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ta ajiye kwanon, ta gyara mayafi. "Wajen Dogo ke nan. Ni dai na san araha ba ta ado. Ga ɗan'uwanka can, taku kaɗan, ya ce ka je ka yi kyauta."

"Ke ma kin koma layinsa ke nan? Ku je duk ku tare a benen."

"Allah Ya ba ka haƙuri," ta ce. "Ni dai kada garin neman gira a rasa ido." Ta tafi ta bar shi da fushinsa.

Ya kashe manhajar tsaron. Ta Dogo ta shiga sumul, ta buɗe da launuka masu kyau, irin waɗanda yake hangowa ta gilashin Auta. Sai da ya yi dariya shi kaɗai. Don ya nuna wa kansa shi ma ya san ƙa'ida, ya zuba fayil ɗin a nasa filas, amma ya bar filas ɗin a jikin kwamfutar. Ya yanki ɗan farkon sautin don gwaji, ya danna inda ake dannawa, ya ɗora abin sauraro a kunne.

Ruwan saman nan ya ɗauke ɗif. Sai ga muryar Baba, ƙarau, kamar yana tsaye a bayan kujera. Tsigar jikin Mai Sauti ta tashi. Murya ce mai taushi, wadda bai taɓa sanin mahaifinsa yana da ita ba.

"Zo nan, zo. Taka a hankali, sarkin gida. Kai, wannan yaro zai kashe ni da daɗi. To, ce Baba."

Yaron ya fashe da dariya, Baba ma ya biye masa. Baba ya ja numfashi zai ci gaba da magana.

Mai Sauti ya fizge abin sauraron ya wurga a kan tebur. Sarkin gida. Shi ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa haka ba. Mutum mai furfura a gemu, ga shi zaune yana kishi da jaririn da ke cikin kaset, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya ce ba zai zauna yana jin ana shagwaɓa Auta ba, ya ishe shi a raye, ba sai an biyo shi da shi daga kabari ba. Ya sa manhajar ta wanke sauran gaba ɗaya, ya ja ƙofar shago, ya tafi ɗaura lasifika a wani wurin taro da aka kira shi.

Da ya dawo da yamma, fuskar kwamfutar ta canja. Baƙa ce wuluk, da hoton kwaɗo a tsakiya da dogon rubutu. An kulle duk abin da ke ciki, in yana so a buɗe sai ya tura kuɗin da ko shagon ya sayar da lasifikansa ba za su kai ba. Ya danna nan, ya danna can. Waƙoƙin da ya tara tun farkon sana'a, bidiyon bukukuwan mutane da aka ba shi amana, hotunan 'ya'yansa, kowane fayil ya koma wani farin abu mai baƙon suna da ba ya buɗuwa. Ya zare filas ya kai shagon maƙwabci aka gwada. Shi ma an kulle shi.

Ya ruga lungun masu gyara. Dogo na nan a ƙarƙashin lemarsa, ko gezau. "Ni manhaja na sayar maka, Yallaɓai, kuma ka ce ta yi aiki. Ni ma a intanet nake kwaso su, ban san wa ya dafa ba. Ko rasit na ba ka?" Mai Sauti ya juya ya tafi. Wa zai kai wa ƙara, ya ce masa me? Ya ce ya sayi kayan sata an cuce shi?

Ƙafafun da suka ƙi hawa matakalar nan da safe, su suka hau ta kafin magariba, da kwamfuta rungume a ƙirji. Auta bai ce masa ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi sauƙi. Autan ya kira wani masanin tsaron kwamfuta da yake hulɗa da shi. Mutumin ya zo washegari, ya yi ta bincike, daga ƙarshe ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce cutar a cikin manhajar aka ɗinke ta, kuma da hannunsa mai shagon ya buɗe mata ƙofa lokacin da ya kashe tsaro. Makullin yana hannun waɗanda suka yi ta, ba wanda ya san ko su wane ne. Ko an biya su, da yawa ba sa waiwayar mutum.

"Babu wani kwafi a wani wuri?" ya tambaya.

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da filas ɗin da ke jikin makullansa. Mai Sauti ya ce, "Babu."

Masu bidiyon biki suka yi ta zarya a shago, wasu da zagi, wasu da kuka, wata mata ma ta ce sai ta kai shi hukuma. Duk ya shanye, don kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ɗakin Inna ne ya kasa shiga. Sai da ta aiko jikarta har shago tana tambaya ko lafiya, sannan ya saɓa hula ya tafi. Auta ya ce zai raka shi, bai hana ba.

Suka same ta a bakin gadon nan, ta yi wanka ta sa tufafinta masu kyau, kamar mai jiran baƙo. Da ta ji takunsu biyu fuskarta ta washe. "Kun zo tare? To ku kunna. Ku matso da shi kusa da kunnen dama, ya fi ji."

Auta ya fara cewa, "Inna, an samu matsala da na'ura..." Mai Sauti ya ɗaga masa hannu. Ya durƙusa ya faɗi komai: bai kai kaset ɗin ba, zaren ya tsinke a hannunsa, Auta ya roƙi kwafi ya hana shi, ya sayo manhajar sata ta cinye muryar. Bai rage ko ɗaya ba, sai dalilin. Shi ma dalilin, daga ƙarshe sai ya fito da kansa.

"Na gaji ne, Inna. Komai Auta. Har kaset ɗin ma da na saurara, Baba da Auta yake wasa."

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Da wa?"

"Da Auta. Yana ce masa sarkin gida."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, hawaye na bin kumatunta. "Kai dai Babba, Allah Ya shirye ka. Ina Auta a lokacin? Ko cikinsa ba a yi ba. Rakodar da aka ɗauki muryar da ita ai kai ka tsoma ta a bokitin wanki kana ƙarami, daga nan ba mu sake mallakar wata ba. Ranar da ka fara tafiya ce. Babanka ya ƙi fita aiki, ya wuni yana bin ka da rakoda a tsakar gida kamar wanda ya zautu."

Mai Sauti ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Na ce ka kai wa ƙaninka ne don ya wanke, mu zauna ni da kai mu ji tare," ta ce. "Na san kana ganin bai so ka ba. Shi ma ya san ya tsananta maka da ka girma, tsoro yake kada ɗan farinsa ya lalace. Na ce bari ka ji da kunnenka."

Auta ya tashi a hankali ya koma bakin ƙofa ya juya musu baya. Inna ta lalubo hannun Mai Sauti ta riƙe, ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Amma ka ce ka ji shi. Ya fito sosai?"

"Ya fito, Inna. Kamar yana ɗakin."

"To faɗa mini. Duk cikinku kai ka ɗauko muryarsa. Faɗa yadda ya faɗa."

Ya sassauta murya yadda ya ji a kunnensa, ya ce, "Zo nan, zo. Taka a hankali, sarkin gida. Kai, wannan yaro zai kashe ni da daɗi. To, ce Baba."

Inna ta lumshe ido tana gyaɗa kai, bakinta na motsi tana bin kalmomin. "Haka ne. Wallahi haka ne. Daga nan sai ya ɗauke ka ya yi maka wata doguwar magana, har da addu'a. Na manta yadda take, ita nake ta son in sake ji." Ta ƙara damƙe hannunsa, ta matso da kunnen dama. "Ci gaba, Babba. Sai ya ce me?"

"Ban sani ba, Inna," ya ce. "A nan na cire abin daga kunnena."